Lafiya Uwar Jiki: Koko, Nono da Rikicin Hanji

 Akwai wata larura da ta zama ruwan dare a gidajenmu na Maamobi da Nima, amma kunya takan hana a ambace ta a fili. Mutum ya wayi gari ciki na murɗa masa, ya kumbura kamar ganga, yau zawo, jibi bayan gida ya ƙi fita. Iska ta dame shi, har ya shiga sabunta alwala sau biyu ko uku kafin ya idar da salla guda. Mun san dattawan da suka bar sahun gaba a masallaci saboda wannan, ba don raunin imani ba. Idan an tambaya sai a ce basir ne, a nufi mai tallar sassaƙe.

Likitoci na kiran wannan larura IBS, mu kuwa a wannan fili za mu kira ta rikicin hanji. Bisa ƙa'idar da masana suka fitar a 2016, wadda ake kira Rome IV, ana zarginta ne idan ciwon ciki na zuwa aƙalla rana ɗaya a mako cikin watanni 3 da suka gabata, yana da alaƙa da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: fita bayan gida, canjin yawansa da canjin kamanninsa, kuma an fara jin alamun tun watanni 6 baya. Ba ta cinye hanji, ba ta rikiɗewa ta zama daji. Saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji ne ke rikicewa, shi ya sa damuwa da rashin barci ke tayar da ita.

A 'yan shekarun nan kantunan magani na Accra sun cika da kwalabe masu ɗauke da sunan furobayotik, kuma ba su da arha. A 2001 ne ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fayyace ma'anar kalmar: ƙananan halittu ne masu rai waɗanda, idan an sha su da yawan da ya isa, suke amfanar lafiya. A riƙe kalmar "masu rai", domin a kanta maganar kokonmu ta rataya.

Sau da yawa mukan ji ana cewa, ai mu da muka tashi da koko da fura da nono ba ruwanmu da kwalbar Bature. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tsamin gasarar gero aikin irin waɗannan halittu ne, kuma masu binciken da suka duba koko a arewacin Gana sun same su jingim a cikin gasara da ruwan tsamin da ke taruwa a samanta. Sai dai mai koko ba ta ba mu gasara ɗanya. Takan dama ta da tafasasshen ruwa, zafin nan kuwa yana kashe mafi yawansu. Abin da ke isa kofinmu da asuba, da citta da kanumfari da barkono, abinci ne mai albarka mai sauƙin narkewa, amma ba furobayotik ba ne. Ko ruwan tsamin da ba a dafa ba, an jarraba shi a kan ƙananan yara masu zawo a arewacin Gana, kuma sakamakon da aka buga a 2006 bai nuna ya gaggauta tsayar da zawon ba.

Nono ya fi kusa da abin da ake nema, tunda ba a dafa shi bayan ya yi tsami. Tsamin ma yana rage sukarin madara, wanda cikin yawancin manya a Afirka ta Yamma ba ya iya narkar da shi yadda ya kamata. Wannan ne dalilin da wani zai sha madarar gwangwani a shayi cikinsa ya ɗauki ƙugi, ya sha fura da nono ya kwana lafiya. Sharaɗi ɗaya ne: a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da wasu cututtuka. Burkina da ake sayarwa a robobi a bakin titi kuwa, a dubi tsabtar mai haɗawa da ruwan ƙanƙararta.

To, ita kwalbar fa? Masana kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 2021 ƙungiyar likitocin ciki ta Birtaniya ta ce ana iya jarrabawa har tsawon makonni 12, idan ba a ga sauƙi ba a daina. A shekarar dai, takwararta ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da ita don wannan larura, saboda hujjar ba ta da ƙarfi. Ra'ayinmu ya fi karkata ga na farko, amma da iyaka. Wanda ke da hali ya sayi iri ɗaya tak, mai lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana, ya duba ranar lalacewa, ya ajiye shi nesa da zafi kamar yadda takardar ta ce. Ya sami ɗan littafi yana rubuta yadda cikinsa ya wuni. Idan watanni 3 suka cika babu canji, kuɗin cefane ya fi cancantar wannan sidi. Mai son kauce wa shubuha ya tambayi mai kanti ko ɓawon ƙwayar na gelatin ne, ko ya nemi na gari. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai kada ya sha sai da izinin likita.

Sau tari abin da aka rage a kwano ya fi abin da aka ƙara tasiri. Masana a Jami'ar Monash ta Ostareliya sun nuna cewa wake, albasa, tafarnuwa, alkama da madara na ɗauke da wasu nau'o'in sukari da ke tara iska da ruwa a hanji. Mun san wannan ba labari ne mai daɗi ba ga masoya waakye da ƙosai, balle a watan azumi da ake buɗa baki da su a kan cikin da ya wuni babu komai. Ba cewa muka yi a haramta wa kai su ba. A janye su na 'yan makonni, sa'an nan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, har a gane wanda ke tayar da ƙura.

Duk wannan bayan an ga likita ne. A unguwanninmu, inda ruwan sha da magudanai ke da matsala, tsutsar ciki da amiba na iya yin kama da rikicin hanji, kuma gwajin bayan gida ne ke raba gardama. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, ko zawo na tashinsa daga barci, ko jininsa ya yi ƙasa, ko ciwon ya fara masa bayan ya haura shekara 50, kada ya tsaya wajen mai nono ko kantin magani. Ya nufi Babban Asibitin Maamobi, idan da buƙata za a tura shi Korle Bu. Iyaye mata da ke jin nauyin faɗa wa likita namiji suna iya neman ma'aikaciyar jinya ta zauna tare da su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.