A daina yi wa yara ɗurar magani

A Argungu ne, gidan surukata, cikin watan Agusta. Ruwa ya sauka tun asuba, tsakar gida duk ta caɓe. Autana a lokacin yana da shekara biyu da 'yan watanni. Kwana ɗaya kafin nan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun shigo, an ba shi kashin farko a gabansu, suka bar mini ƙwaya biyu, suka ce gobe ɗaya, jibi ɗaya. Na jiƙa ta ranar a cokali. Yaro na hango ruwan nan mai launin ɗorawa ya dantse haƙora, ya ɓuya a bayan randa.

Inna, surukar tawa, ta ce, "Kawo shi nan, ke ba ki iya ba." Ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da shi rigingine, ta danne hannuwansa da cinyarta, ta toshe masa hanci da yatsu biyu. Da numfashi ya ƙare masa ya wage baki, ta tuttula maganin gaba ɗaya. Yaro ya ƙware. Ya yi ta tari, idanunsa suka firfito, kukan ma ya ɗauke na ɗan lokacin da ni na ji kamar shekara. Daga nan ya amayar da maganin da kokon safe a kan zanenta. Na ɗauke shi jikina na rawa. Inna ta dube ni ta ce, "Haka anka yi muna, haka munka yi ma ubanai, ga shi nan da ranshi."

Ban ga laifinta ba, har yau ma ban gani ba. Ƙauna ce ta sa ta, kuma abin da ta tarar ke nan. Amma tun daga ranar ban sake yi wa yaro ɗura ba, kuma ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu bar wannan al'ada baki ɗaya.

A maƙogwaron mutum hanya biyu ce, ta abinci da ta iska. Yaron da aka kwantar rigingine, aka toshe masa hanci yana tsala kuka, iska yake ja a daidai lokacin da aka zuba masa ruwa. Ruwan kan bi hanyar iska ya sauka a huhu. Wani ya tsaya a tari da amai kamar nawa, wani kuwa bayan kwana biyu a gan shi da zazzaɓi da numfashi sama-sama, a ce sanyi ne ya kama shi, ba wanda zai tuna da ɗurar shekaranjiya. Ko an tsira daga wannan, maganin da aka amayar bai yi aikin komai ba. Sannan yaro ba ya mantuwa. Gobe da ya ga cokali zai fara gudu, uwa ta gaji, ta ajiye sauran ƙwayar.

Wannan ajiyewar ita ta fi damuna, domin mu mutanen Kebbi ba mu da sararin yin wasa da maganin masassara. Fadamar Rima da ke ba mu shinkafa da kifi, ita ke renon sauron da ke cin 'ya'yanmu. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, da damina ta kankama ruwa ne kwance dama da hagu. Binciken ƙasa na 2021 a kan zazzaɓin cizon sauro ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafin R21 a Nijeriya a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma.

Shi kansa rabon maganin damina, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin sa a yankinmu na Sahel, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. A nan ana bi gida-gida wata-wata, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko ma'aikaci ke tsayawa a ba yaro ƙwaya biyu. Rana ta biyu da ta uku kuwa, ƙwayar amodiyakwin ce, mai ɗaci, kuma uwa ce kaɗai da ɗanta a ɗaka. Kariyar kusan mako huɗu da ake nema sai an sha kwana ukun cif. To ni da idona na ga ragowar ƙwayoyin nan a gidaje da dama da na shiga barka ko gaisuwa, a saman taga, a cikin kwalla, a gefen katifa. In ka tambaya a ce, "Ba ya sha, amai yake yi." A takarda an rubuta an ba yaron magani, an yi wa ƙofar gida alama da alli, alhali rabin aikin yana nan a nannaɗe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haka abin yake ga maganin warkarwa. Irin su Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku. Yaro ya sha biyu da kokawa, jiki ya yi sanyi, uwa ta ce ya warke, ta hutar da kanta. Bayan mako biyu masassara ta dawo, wani lokaci da jijjiga ko ƙarancin jini, sai ga mu a ɗakin yara na asibitin Sir Yahaya ana neman wanda zai ba da jini.

Abin da ya cece ni wata malamar asibiti ce a wani ƙaramin sha-ka-tafi a Birnin Kebbi, dattijuwa, wadda ta zaunar da ni a benci ta nuna mini da hannunta. Ta ce in ɗora yaro a cinya yana zaune, bayansa jingine da ƙirjina, hannuna ɗaya ya zagaye shi kamar runguma. Ta ciro sirinji marar allura, ta zuƙi ruwa, ta sa bakinsa ta gefen kumatu, ba tsakiyar harshe ba, ba can cikin maƙogwaro ba. Ta matsa kaɗan, ta dakata har ya haɗiye, ta ƙara. Ba a yi minti biyu ba aka gama. Ta ce ƙwayar da ake jiƙawa ruwa kaɗan take so, mai tsabta, don kada shan ya yi tsawo. Kada a zuba ta cikin kofin kunu cike, domin in ya sha rabi ya ture, ba ki san nawa ya shiga ba, kuma kin ɓata masa kunu har gobe. A ba shi bayan ya ci wani abu. Da ya haɗiye a bi shi da nono, ko ɗan dabino, ko yankin kankana. Zuma kuwa ba a ba wanda bai cika shekara ba. In ya yi amai kafin rabin awa, a koma wurin ma'aikatan a karɓi wata, kada a ɗauko ta gobe a cike gurbi. In kuma jikinsa da zafi a ranar rabo, gwaji ya kamace shi, ba maganin rigakafi ba.

Abu biyu ta hana ni, kuma su ne suka fi yi mini wuyar bari. Na farko ƙarya. Mukan ce wa yaro alewa ce, ya sha ya ji ɗaci, daga ranar ya daina yarda da bakinmu. Wanda kuma ya yarda alewa ce, wata rana zai hau kujera ya ɗauko ƙwayoyin kakarsa ya tauna. Na biyu barazana: "Sha ko in kira mai allura." Da bakinmu muke sa yara tsoron mutanen da za mu kai su wurinsu ran da ciwo ya yi tsanani. Yanzu gaskiya nake faɗa masa: da ɗaci, amma kaɗan ne, ga dabinonka a hannuna. Nakan tambaye shi, a cinyata za ka sha ko a ta Baba? Ba kullum yake sha da daɗin rai ba, wani lokaci sai an yi hawaye, amma yana zaune, yana numfashi, kuma maganin yana zama a ciki.

Na ambaci Baba da gangan. Maza da yawa a garuruwanmu, iyakarsu su sayo magani a kemis, su miƙa leda daga bakin ƙofa, su wuce gona ko kasuwa. Ba yaro ɗan shekara biyu magani aikin mutum biyu ne. Uwa ga goyo, ga tukunya a wuta, ga yaro na fizge-fizge, dole ta nemi hanyar da ta fi sauri, wato ɗura. Maigida ya tsaya minti biyar da safe ya riƙe ɗansa. Yaro ma ya fi natsuwa in ya ji shi a hannun ubansa.

Ga ma'aikatar lafiya ta jiha da ƙungiyoyin da ke taimaka mata, irin su Malaria Consortium, roƙona shi ne a ɗauki koyar da uwa da muhimmanci kamar yadda aka ɗauki ƙirga yara. Mai rabo ya ba uwa cokalin a hannunta ranar farko, ta ba ɗanta da kanta yana kallo yana gyara mata. Masu shela da gidajen rediyo su fito fili su ambaci ɗura da sunanta, su ce a bari. Masarautun Gwandu da Argungu sun daɗe suna tsaya wa rigakafi. In hakimai da masu unguwanni da malaman Islamiyyar matan aure suka ɗauki wannan magana, za ta isa kunnen kakanni, kuma a yawancin gidajenmu kaka ce ke yanke hukunci a kan jika.

Da damina ta zagayo muka koma Argungu, na ba auta ƙwayarsa ta rana ta biyu a gaban Inna, yana zaune a cinyar ubansa. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce in bar mata sirinjin saboda jikokinta na gidan. Na bar mata.

'Yar'uwa, in masu rabo sun ƙwanƙwasa ƙofarki a daminar bana, ki ce su nuna miki kafin su fita. Ki zaunar da yaron, kada ki toshe masa hanci, kuma ki ba shi ta gobe da ta jibi.