Ina Kwananku, 'Yan Wasan Waƙa?

Malam Edita, ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana na ƙungiyar wasan waƙa, watau masu wasan kwaikwayon nan da a ke haɗa magana da waƙa da rawa a kan dandali. Ni ma ɗayansu ne, shekarata ta uku ke nan a cikinsu, saboda haka in na taɓa su, kaina na taɓa. Dalilin maganar kuwa kowa ya ji shi, tun ranar da aka karanta mana sanarwa cewa in 'yan ƙungiyar nan ba su daina makara ga darasin farko ba, za a kulle zauren wasa har ƙarshen shekara. Tun ran nan a ke ta gunaguni a ɗakunan kwana, wai hukumar kwalej ba ta son wasa. Ni dai ban ga haka ba. A ganina mu muka ba da ƙofa, kuma ba a zaure muka ba da ita ba, a kan gado ne da wurin cin abinci.

Bari in kwatanta muku safiyarmu, amma tilas in fara daga daren jiya, gama can ta ke ɓaci. Mukan shiga gwajin wasa da magariba, lokacin da sauran jama'a ke cin abincin dare. Ba mu fitowa sai wajen ƙarfe 11 da rabi, ga gajiya ga yunwa. Sai a ɗunguma bakin ƙofar kwalej wurin mai shayi. Wannan ya ce a dafa masa taliyar Indomie biyu da ƙwai uku, a cika attaruhu. Wancan ya tsaya gun mai tsire ya ce a barbaɗa yaji har sai naman ya ɓoye. Akwai wani abokinmu, mai yi mana sarki a wasan bana, shi ba ya jin ya ci abinci sai ya shiga gari ya haɗiyi amala da miyar lalo, wadda mutanen nan ke kira ewedu. Da an gama sai kwanciya, ko hannu bai bushe ba. A kan gadon ma ba barci za a yi ba, sai a jawo waya a yi ta kallon wasannin Ikko da na Landan har ƙarfe 1 ta gota.

Asuba ta yi, ladan ya kira salla, 'yan'uwanmu Kirista su ma an buga musu ƙararrawar addu'a. Ɗan wasa ya tashi da ƙyar, ya yi ibadarsa ido rabi a rufe, ya koma ya ce bari ya ɗan miƙe. Ba zai farka ba sai 8 saura minti 10. Ba wanka, ba koko, sai ya jefa ɓarin goro a baki ya sheƙa a guje. In malam ya yi masa tambaya a aji, muryar da jiya ta cika zaure sai ka ji ta kamar ta kwaɗo a bakin rafi.

Akwai kuma wani kashi, su nasu laifin ya juya. Su ba sa cin kome ranar wasa, wai ciki cike yana tare numfashi. Bara wata 'yar'uwarmu ta wuni haka tun safe, ruwa ma kurɓa ɗaya ta yi, ana tsakiyar rawar buɗe fage jiri ya ɗebe ta, sai da aka ja labule. Ta manta sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Abin dariya shi ne, duk kwalej ɗin nan ba wanda ya kai mu gardamar abinci. In ka zauna da mu ran Asabar za ka ce taron masu magani ne. Bahaushe ya rantse ba abin da ke buɗe murya kamar koko mai zafi da citta da kanumfari, a bi shi da ƙosai. Bayarabe ya ce a'a, sai dai ogi da akara, alhali kuwa abu ɗaya su ke wa musu, suna ne kawai ya bambanta. 'Yan'uwanmu na gabas su ce ai okpa ta fi, watau irin alalar nan ta garin gurjiya, domin tana riƙe ciki har azahar. Ni nawa gwanin ɗumame ne da miyar kuka, in an samu man shanu, ko da ya ke tun da na zo ƙasar nan sai hutu na ke ganinsa. Daga nan sai a shiga lissafin magunguna. Wani ya ce zuma da lemon tsami. Wani ya ce ɗanyen ƙwai da sassafe. Wani ya ce miyar kuɓewa tana sa murya santsi, gyaɗa kuwa tana kashe ta. Kowa da malaminsa. Amma a cikin masu gardamar nan duka, da wuya ka sami mutum uku da suka karya kumallo a ranar.

To, jama'a, mu tuna abin da aka koya mana a darasin furuci. Murya daga tantanin maƙwallato ta ke fita, wasu 'yan tsoka biyu a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai wuce santimita 2 da rabi ba. Iska ce daga huhu ke kaɗa su. Namiji in yana magana sukan kaɗa wajen sau 120 a daƙiƙa ɗaya, mace kuwa wajen sau 200, in an ɗaga murya a waƙa abin ya ninka. Abinci da abin sha ba ta kansu su ke bi ba. Akwai ɗan murfi da ke rufe hanyar iska duk sa'ad da mutum ya haɗiyi abu, in ko ɗigon ruwa ya kuskure ya bi ta nan, sai mutum ya ƙware ya yi ta tari. Ashe ke nan zuma da kuɓewa da ɗanyen ƙwai ba sa ko ganin tantanin nan, balle su shafa masa mai. Zuma tana sanyaya maƙoshi, ban hana ba, ni ma ina sha. Amma abin da tantanin ke so shi ne ruwan da ya riga ya shiga jiki, shi kuwa ba nan take ya ke isa ba. Wanda zai yi waƙa da dare tun safe ya kamata ya fara shan ruwansa, balle da hunturu, lokacin da iska ke busar da leɓe.

Babbar ɓarna kuwa ita ce ta mai shayi da tsakar dare, ba laifin mai shayin ba ne, namu ne. Ciki yana bukatar sa'o'i kafin ya sarrafa abinci mai maiƙo da yaji. In mutum ya kwanta a kansa, ruwan tsamin ciki yakan taso ya hau maƙoshi, shi ne ƙwannafi, wani lokaci har ya kai ga maƙwallato ya ƙona shi mutum na barci bai sani ba. Da safe sai ya tashi murya a dishe, baki da ɗaci, yana ta kaki da gyaran murya, gyaran muryar kuwa ƙara goga tantanin ya ke yi. Shi ya sa likitoci ke cewa a bar sa'a 2 ko 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. Mu kuwa ko minti 20 ba ma bari.

Wasu za su ce ai haka 'yan wasa su ke ko'ina, dare nasu ne, safiya ta barci. Tun da wasannin Turawa mu ke kwana kallo, bari mu duba can ɗin. A unguwar Burodwe ta birnin Niyok a Amurka, da takwararta ta Landan, al'ada ita ce wasa 8 a mako. Akan yi na dare wajen ƙarfe 7 ko 8, ranar Laraba da Asabar kuwa galibi sau biyu a ke yi, na rana da na dare, a huta yini ɗaya tak, sau da yawa Litinin. Wasa guda yakan ci sa'a biyu da rabi, kuma akwai wanda a ke shekaru ana yinsa ba fashi. Gaskiya ne su ba sa tashi da asuba, domin ba su da aji ƙarfe 8. Amma barcinsu cikakke su ke yi, in sun tashi su sha ruwa, su motsa jiki, su ɗumama murya a hankali kafin su nemi sama da ita, babban abincinsu kuwa tun da sauran rana su ke ci. Wanda bai yi haka ba ba ya kai ƙarshen wata. Mun kwaikwayi rawarsu da rigunansu, mun bar wannan.

Murya kuma ba ta da kafinta. Julie Andrews, wadda ta yi suna a wasan My Fair Lady a 1956, da fim ɗin The Sound of Music a 1965, an yi mata aiki a maƙogwaro a 1997, tun daga nan muryar waƙarta ba ta komo yadda ta ke ba. Ba rashin koko ya jawo mata ba, na sani. Na kawo ta ne don mu ga abin da mu ke wasa da shi, abu ne da kuɗi da manyan likitoci suka kāsa mayar wa mai shi.

Yanzu in juya ga waɗanda ke murna da sanarwar, masu cewa a rufe ɗin ma ya fi, wai me ya haɗa malamin makaranta da rawa da waƙa. Waɗannan ba su san tarihin ƙasar da mu ke zaune a cikinta ba. Wasan waƙa na Yarbawa malaman makaranta ne suka raya shi. Hubert Ogunde, da aka haifa a Ososa a 1916, ya koyar kafin ya shiga aikin ɗan sanda. Ya nuna wasansa na farko a zauren Glover a Ikko a 1944, ba da jimawa ba ya tuɓe kaki ya kama wasa gadan-gadan, yana yawo gari gari da jama'arsa a cikin mota, har Arewa. Kola Ogunmola malami ne a ƙasar Ekiti. Duro Ladipo na Oshogbo shi ma malami ne, wasansa Oba Koso ya kai shi Balin ta Jamus a 1964, da Ingila a 1965. Wani abin lura, Ogunde ya san darajar ciki, gama biyu daga cikin shahararrun wasanninsa maganar abinci ce a sunansu. Ɗaya Strike and Hunger, watau yajin aiki da yunwa, kan babban yajin aikin 1945. Ɗayan Bread and Bullet, watau burodi da harsashi, kan ma'aikatan haƙar kwal 21 da 'yan sanda suka harbe a Inugu a 1949. Mu ma a gida ai muna da namu, wane ne a cikinmu bai yi tashe ba yana yaro, da gemun auduga da tsumma a ciki, yana waƙa ana amshi?

Ban da tarihi ma, akwai dalilin da ya fi kusa. Malami da murya ya ke noma. A gwajin koyarwa da muka fita, aji mai yara fiye da 60 aka ba ni, taga a buɗe, babura na wucewa. Mako na biyu muryata ta ɗauke ɗungum. Na yi kwana uku ina koyarwa da alli da nuni da hannu, ina yi wa yara raɗa, ban san raɗar ma wahalar da tantanin ta ke yi ba sai daga baya. Sananne ne ga likitocin maƙogwaro cewa malamai na cikin mutanen da ciwon murya ya fi kai wa gare su. A duk kwalej ɗin nan kuwa ba inda a ke koya wa ɗalibi ya ja numfashi daga ciki, ya kai magana bangon baya ba tare da ihu ba, sai a zauren nan da a ke so a kulle. In an kulle shi an huta da makararru 30, amma an yi hasarar darasin da kowannenmu zai bukata duk tsawon shekarun aikinsa.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo, kuma kowa da rabonsa. Mu 'yan ƙungiya mu mai da gwaji bayan la'asar, daga ƙarfe 4 da rabi zuwa magariba, in wasa ya matso a ƙara sa'a ɗaya bayan lisha, ƙarfe 9 a kashe fitila. Na san 'yan ƙwallo za su yi ƙara, domin wasunmu suna can suna nan, to, sai mutum ya zaɓa. Shugabanmu kuma ya daina sa mu maimaita waƙa ɗaya sau goma don mutum ɗaya ya yi kuskure, a ware shi a gyara masa. Hukuma kuwa muna roƙonta abu ƙarami, a makon wasa a yi wa iyayenmu na kicin magana su riƙa ajiye mana abincinmu a rufe, kada mu fito mu tarar an wanke tukwane, gama wannan shi ke kai mu bakin ƙofa da tsakar dare. Su iyayen namu na tambaye su, sun ce ba su ƙi ba, in dai za a dawo musu da kwanoninsu.

Sauran kuwa ba mai yi mana. Wanda ya tashi da asuba kada ya koma. Ya sha ruwa kofi biyu, ya yi wanka, ya ɗan yi gunji a hankali baki rufe kafin ya fara gaisawa da mutane da ƙarfi, sa'an nan ya tafi ya karya da abin da ya samu, koko ne, ogi ne, okpa ce, ko shayi da burodi, duk ɗaya ne gare ni. Ran Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci akwai taron ƙungiya a zaure, zan kawo shawarar nan a rubuce a jefa mata ƙuri'a, in ta ci mu kai wa hukuma kafin wa'adin ya cika. Sarkinmu mai amala ya riga ya ce zai tsaya mini, da sharaɗin a bar masa daren Asabar.