KAFIN KA SAYI INJIN YANKAN KWANO, AUNA AIKINKA TUKUNA

Yau maganarmu da 'yan'uwanmu masu sana'ar ƙarfe ce, waɗanda neman abinci ya kawo Kurmi, watau masu ƙera akwatin ƙarfe, da masu ƙofa da taga, da masu murhun gawayi da mazubin abincin kaji, a Agege da Idi-Araba, da Sabo ta Badun, da Shagamu, har zuwa Anacha da Fatakwal. Da yawa daga cikinsu sun yi shekara da shekaru suna yankan falle da cizal da guduma da almakashi. Yanzu kuwa wasu sun kwashi adashi, wasu sun sayar da sa a gida, suna so su kafa inji a ɗan shagon da ke ƙofar gida ko rumfar bayan ɗaki, domin su riƙa fitar da falle daidai awon da mai aiki ya kawo.

Wannan buri ne mai kyau, ba mai kushe shi. Amma fa akwai rami a hanya. Kowa ya buɗe waya yanzu sai ya ga hoton wani inji mai kwamfuta yana zana furanni a jikin ƙarfe cikin ƙiftawar ido, sai zuciya ta ce ai shi ke nan, wannan shi ne maganin talauci. Ra'ayina a nan shi ne, ga mafi yawan masu ɗan shago a gida, injin da ya kamata a fara saye shi ne wanda ba ya shan wuta ko kaɗan, ko kuwa mai shan 'yar kaɗan. Manyan injuna su jira sai aiki da kansa ya kira su. Ga dalilaina.

Abu na farko da za ka tambayi kanka, tun ba ka tambayi kuɗin inji ba, shi ne: wane kauri nake yanka kullum? Kowane inji yana da iyakarsa, kuma a rubuce take a jikinsa. Masu sayar da ƙarfe suna lissafi da geji, kuma a lura, duk sa'ad da lambar geji ta hau, fallen ƙara siranta yake yi. Geji 16 na baƙin ƙarfe ya kai wajen milimita 1.5, geji 18 wajen 1.2, geji 20 wajen 0.9, geji 24 kuwa wajen 0.6. Kwanon rufi na alminiyam da aka saba gani ya kan zama 0.45 ko 0.55. In ka duba aikin mai akwati, da mai murhu, da mai rufe kiyos, za ka tarar kusan dukansa bai wuce geji 16 ba. To, mutumin da aikinsa ke nan, me zai yi da injin da aka ƙera domin faranti mai kaurin yatsa? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu na biyu shi ne irin yankan. Miƙaƙƙe ne, ko mai lanƙwasa, ko kuwa huda ce a tsakiyar falle? Wanda yawancin aikinsa murabba'i ne, kamar bangon akwati da fuskar ƙofa, ba abin da ya fi masa babban almakashin nan na teburi da ake takawa da ƙafa, wanda ake kira gilotin. Wanda aka fi samu yana da faɗin inci 52, watau yana cinye faɗin falle mai ƙafa 4 a taki ɗaya, kuma yana yankan baƙin ƙarfe har geji 16. Ba ya shan wuta, ba ya shan mai, ba ya tartsatsi, ba ya ƙona fenti, ba ya cin ko milimita ɗaya na fallenka ya mai da shi gari. Yana da ma'auni a baya wanda in ka saita sau ɗaya, sai ka fitar da guda hamsin duk kai ɗaya. Aibinsa biyu ne. Nauyinsa ya kan kusa rabin tan, saboda haka sai an yi masa daɓen siminti mai kyau. Sa'an nan ba zai tsaga falle mai ƙafa 8 ta tsawonsa ba. A kuma sani, ƙarfen nan fari da ba ya tsatsa ya fi baƙi tauri ƙwarai, injin da ke cin geji 16 na baƙi, a fari sai dai wajen geji 20. Wanda ya matsa masa fiye da haka, bakin wuƙar zai ɓantare.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, akwai ƙaramin almakashi mai dogon hannu da ake ɗaurewa a kan benci. A cikinsu akwai wani iri wanda aka yi wa jiki yadda falle zai iya juyawa ta kowane gefe ana cikin yanka, da shi ake fitar da da'ira da lanƙwasa. Wannan shi ne abokin mai murhu da mai mazurari.

Domin dogon yanka kuwa, da kwano mai tudu da kwari, akwai injunan hannu masu lantarki iri biyu. Ɗaya almakashi ne mai mota. Ɗayan, wanda ake kira nibila, gatsar ƙarfen yake yi kaɗan-kaɗan da sauri, yana hawa tudun kwano yana sauka ba tare da ya murɗe shi ba. Mai cin milimita 1.6 wutar da yake sha wajen wat 550 ce, ko ƙaramin janareta zai ɗauke shi. Sai dai yana cinye wajen milimita 5 a kan layin yanka, kuma yana zubar da 'yan gutsattsari masu siffar jinjirin wata, masu kaifi kamar ƙaya. A gidan haya inda yara ke yawo ba takalmi, wajibi ne a share su da maganaɗisu kowace yamma.

Na san wani zai ce, ai ina da giranda, tana yi mini kome. Gaskiya ne tana da araha, kuma ba shagon walda da zai rasa ta. Amma ba domin siririn falle aka yi ta ba. Zafinta yana ƙone ruwan tutiyar da aka shafe kwano da shi, tartsatsinta yana maƙalewa a jikin fenti, damina ɗaya ta Ikko ta isa bakin yankan ya yi ja da tsatsa, mai aiki ya dawo yana faɗa. Ƙaramin faifanta yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, in ya fashe ba ya tambayar ido ko wuya. Masu cire mata murfi domin su sa babban faifai, wasa suke yi da ransu.

Sai mu zo kan injin filasma, wanda shi ne yawancin samari ke mafarki. Shi da wutar lantarki da iska mai ƙarfi yake narka ƙarfe ya hure shi. Ba shakka yana da amfani: mai amfiya 40 yana yanka faranti har wajen milimita 10, kuma yana bin kowane irin zane. Amma mai saye ya sani ba inji ɗaya yake saye ba, uku ne. Sai da injin iska, watau kwamfuresa. Sai kuma da wutar da za ta ɗauki su biyun, domin filasma kaɗai in an buɗe shi sosai ya kan ja wajen kilowat 5 zuwa 6, ƙaramin janaretan nan na ɗaki da bai kai kilowat ɗaya ba ko motsa shi ba zai yi ba. Bayan haka ga bakin tocila da ƙwayar cikinta, waɗanda ke cinyewa kullum sai an sake. Iskar Kurmi kuwa cike take da laima, ruwa yana taruwa a tankin kwamfuresa, in ba a sa matacin ruwa ana kuma zubar da shi kullum ba, bakin tocila ba ya daɗewa. A kan siririn falle zafinsa ya kan sa ƙarfe ya kantare. In kuwa kwano mai tutiya ne, farin hayaƙin da yake tayarwa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, wanda da yawa suke ɗauka cizon sauro ne.

Game da injin leza, magana biyu ce. Na gaskiya mai yankan ƙarfe na masana'anta ne, yana bukatar wuta mai layi uku, da injin sanyaya ruwa, da tukwanen gas, da wanda ya iya zane a kwamfuta. Ƙananan nan kuwa da ake talla a intanet da araha, na zane ne a kan katako da fata da roba, ba sa yankan fallen ƙarfe. Kada wani ɗan talla ya ruɗe ka. In mai aiki ya kawo ƙofa mai furanni, kai fallen wurin masu babban inji su yanka maka, ka biya ladan yanka, ka sa a lissafin mai aiki, ka dawo ka haɗa abinka. Riba ta shigo, bashi bai hau ka ba.

Abin da ya sa na nace a kan maganar wuta, kowa ya san shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar 2023, tada janareta ya zama abin da sai an yi lissafi. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 kowane ma'auni. A cikin shekarar 2024 babban layin wutar ƙasa ya faɗi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Injin da sai da wuta yake motsi, ranar da babu wuta kai da yaranka zaman kashe wando za ku yi, alhali kuɗin haya yana tafiya. Mai gilotin kuwa ƙafarsa ce janaretansa.

Akwai kuma maganar zama da mutane, wadda mu baƙi bai kamata mu yi wasa da ita ba. Yawancinmu haya muke yi, a gida mai ɗakuna da yawa, bango ɗaya da maƙwabci. Ƙarar giranda da kwamfuresa tun safe har dare, da tartsatsi kusa da jarkar fetur ko rumfar katako, su ne ke jawo ƙara wurin mai gida. A Jihar Ikko hukumar kare muhalli, LASEPA, tana rufe wurare saboda yawan ƙara. In gobara ta tashi daga shagon mutum ɗaya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Zaɓen inji mai shiru kare mutuncin jama'a ne gaba ɗaya.

Masu ganin ba haka ba suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa zamani ya canza, masu gini yanzu ƙofa mai ado suke so, wanda ya tsaya a kan almakashi za a bar shi a baya. Na yarda da rabin maganar. Wanda ya duba littafinsa ya ga cewa aikin faranti mai kauri da na zane shi ne ya fi yawa, kuma kuɗin da yake kai wa masu yanka a wata ya fi abin da mai da gyara za su ci, to, lokacinsa na filasma ya yi, ya saya da bismilla. Abin da nake ƙi shi ne a sayi inji domin aikin da ake fata, a bar aikin da ke hannu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In ka tashi saye, zuwa da kai ya fi aike. Ko a kasuwar ƙarfe ne, ko wurin masu kayan tokumbo, tafi da guntun fallen da kake aiki da shi, a yanka a gabanka, daga wannan gefe na wuƙa har wancan. Shafa bakin yankan ka ji. In ya yi ƙaya da yawa, ko ƙarfen ya tauno maimakon ya yanke, wuƙar ta dakushe ko kuwa tazarar da ke tsakanin wuƙaƙen ta buɗe. Tambaya ko wuƙar tana da wani bakin da ba a taɓa ba wanda za a juya, da kuma inda ake wasa ta. Yanka murabba'i, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in awon bai zo ɗaya ba, injin ba ya kan sukwaya. Duba gangar jikinsa ko akwai tsaga da aka like da walda aka shafe da fenti. In mai lantarki ne, karanta farantin jikinsa: wutarmu ta 220 zuwa 240 ce, kayan Amurka kuwa da yawa na 110 ne, in ka soka shi kai tsaye ya ƙone nan take. Kada kuma ka ɗauki injin da ba a samun kayan gyaransa a garin da kake, ko da kyauta aka ba ka.

Sa'an nan kada ka zuba jarinka duka a kan yanka. Falle ba ya zama akwati sai an lanƙwasa shi, saboda haka injin lanƙwasa na hannu shi ne na biyu a layi. Ka ware kuɗin falle, domin inji ba ya aiki da iska. Ka ware na tabarau, da safar hannu ta fata domin ɗaukar falle, da abin toshe kunne. Ka hana yaran shago cire shingen da ke gaban wuƙar gilotin, ka kuma kafa doka cewa mai riƙe falle shi ne mai takawa, ba mutum biyu ba. Yatsan da ya tafi ba ya dawowa, kuma yaron nan amana ce iyayensa suka ba ka daga gida.

Kuɗin da za ka kashe guminka ne na shekaru, akwai kuma masu jiran aike a gida. Auna kaurin fallenka, auna wutar unguwarku, auna haƙurin maƙwabtanka, sa'an nan ka auna aljihunka. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare hannuwanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.