ZAUREN IYALI: Kacici-kacici Ya Shiga Kwamfuta

A watan nan girki da kwalliya za su ɗan dakata, domin wasiƙar wata baiwar Allah daga Ajingi ta tsaya mini a rai. Ta ce 'yarta budurwa mai ƙoƙari ce, duk ajinsu an san da ita, amma da ta je rubuta JAMB sai ta dawo gida da kuka. Ba tambayoyin ne suka gagare ta ba. Ranar ce rana ta farko da ta taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, kafin hannun ya daina rawa lokaci ya yi nisa. Yanzu dangin uba sun ce tunda boko ya ƙi, sai a tsayar da maganar aure. Uwar tana tambaya, ƙannenta biyu da ke tasowa fa, yaya za ta yi da su?

Allah sarki! Ni dai ban ga laifin yarinyar nan ba. A 2013 hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta, daga 2015 kuwa ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku kowanne 40. Ki lissafa da kanki, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. To ina lokacin koyon riƙe linzami a nan? Yaron birni ya saba tun yana ƙarami, namu na ƙauyukan Gaya da Ajingi kuwa sai a zauren jarrabawa ake gabatar da shi ga na'urar, kamar amaryar da ba ta taɓa ganin ango ba sai daren kai ta.

Maganin da nake da shi ba sabo ba ne, wasanmu ne na dandali. Wace ce a cikinmu ba ta yi kacici-kacici ba bayan an ci tuwon dare? A ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ki yi ta zare ido, in kin kasa a ce ki ba da gari, kafin a gaya miki tsintsiya ce. Wannan wasan za mu ɗauka mu zuba a cikin PowerPoint. Manhaja ce da ta fito a Amurka a 1987, kamfanin Microsoft ya saye ta a shekarar, kuma da wuya ki buɗe kwamfutar ofis ko ta ɗalibi ba ki same ta a ciki ba. Masu lacca aka yi wa ita, su riƙa nuna bayani shafi bayan shafi. Amma tana da wata dabara da mutane da yawa ba su kula da ita ba: ana iya ɗaure akwati a wani shafi, da an taɓa shi ya yi tsalle da ke zuwa wani shafin daban. Wasan gaba ɗaya a kan wannan ɗaurin ya tsaya, kuma ba ya buƙatar intanet ko kaɗan.

Na san abin da za ki ce, ina na ga kwamfuta? Kada ki yi saurin yanke ƙauna. Akwai malamin makaranta a unguwa, akwai shagunan buga takardu a cikin garin Gaya, akwai 'ya'yan dangi da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote. Kai, ko saurayin nan da ke zuwa zance wajen 'yarki yana rataye da jakar kwamfuta don a san shi ɗan boko ne, a sa shi aiki mana! Nan ma za ki gane ko mai haƙuri ne da yara.

Ga yadda ake yi. A shafin tambaya, ki rubuta tambayar a sama da manyan baƙaƙe, a ƙasa ki zana akwati huɗu, ki sa musu A, B, C, D, yadda yaro zai tarar a jarrabawa. Shafi na gaba shi ne na “Ka ci gari!”, da akwati guda a ƙasansa mai cewa a ci gaba. Can ƙarshe kuma ki yi shafi ɗaya tal na “Ba ni gari!”, da akwatin komawa. Sai ɗauri. Ki danna gefen akwatin amsar gaskiya, gefensa fa na ce, ba rubutun ciki ba, don ko ina yaro ya taɓa a jikin akwatin ya amsa. Ki je Insert, ki zaɓi Action, a ƙarƙashin Hyperlink to ki nemo shafin “Ka ci gari!” na wannan tambayar. Sauran akwati ukun duk ki ɗaure su da shafin “Ba ni gari!”. Akwatin komawa kuwa, a jerin ki zaɓar masa Last Slide Viewed, shi zai mayar da yaro kan tambayar da ta kayar da shi, ko ta nawa ce. Shi ya sa shafi ɗaya ya wadatar. Tambaya 10 za ta ci shafi 22 ke nan, har da na bango. In kin gama ta farko, ba sai kin sake zane ba, ki danna Ctrl da D a kan shafin ya haifi irinsa, ki canza rubutu, amma ki tuna ki sake ɗaure amsar gaskiya da nata shafin.

Saura abu guda, wanda in an manta da shi an yi aikin banza. PowerPoint ta saba da an danna ko ina sai ta wuce shafi na gaba, kuma yara, kin san su da wayo, cikin minti ɗaya za su gano haka su riƙa tsallakewa zuwa amsa. Ki shiga Slide Show, ki buɗe Set Up Slide Show, ki zaɓi Browsed at a kiosk. Shi ke nan kin kulle ƙofa, ba mai wucewa sai ta akwati. F5 ke fara wasa, Esc ke tsayar da shi.

Yanzu mu zo inda na fi so, wato tambayoyin kansu, don nan ne aikin uwa yake, ba na mai kwamfuta ba. Kada ki fara da lissafi da Turanci, yara za su watse. Ki fara da abin gida. Maƙeran da tarihi ya ce sun je Dutsen Dala neman tama, har aka san zuriyarsu da Abagayawa, daga wane gari suka tashi? Ki ga yadda ɗan Gaya zai buga ƙirji! Wace shekara aka cire Jigawa daga Kano? 1991. Ƙananan hukumomi nawa ne a Kano? 44. Wa ya fara mulkin jihar da aka ƙirƙiro ta a 1967? Audu Bako. Sai a hankali ki riƙa cusa na littafin makaranta a tsakani, kamar yadda ake ɓoye wa yaro magani a cikin koko.

Amsoshin ƙarya ukun nan su ma a yi musu adalci. In kin tambayi ƙananan hukumomin Kano, ki jera 44 da 36 da 34 da 27, kowacce tana da inda yaro ya taɓa jin ta, dole ya tsaya ya yi tunani. In kuwa kin sa 44 da 2 da 1000, ko jaririn goye zai ci. Kuma kada amsa ta riƙa zama a akwati ɗaya kullum. Shafin “Ka ci gari!” ma kada a bar shi da tafi kawai, a ƙara layi ɗaya na bayani, misali a ce 36 ɗin nan jihohin Nijeriya ne. A shafin faɗuwa kuwa ban yarda a rubuta daƙiƙi ko a sa hoton jaki ba, ko da wasa. Mu da muke son cire tsoro, ina mu ina ƙara shi?

Wasan ba ya ƙirga maki da kansa, sai an shiga wani aiki mai zurfi da ba mu da buƙatarsa. Ki ajiye kwanon gyaɗa, duk wanda ya ci a taɓawar farko ya ɗauki ƙwaya ɗaya. A gidan da ake da ɗaki biyu ko uku, don Allah kada a raba yara 'yan ɗakin wance da 'yan ɗakin wance, kin san inda zancen zai ƙare. A gauraya su, babba ya riƙe ƙarami. 'Yan mata su fara zama a gaban allo, domin in an bar wa mazan, har batir ya mutu ba za su saki linzamin ba. Maigida ma a ba shi tasa tambayar, ko ta ranar da aka ɗaura aurenku ce, mu ga ko zai ba da gari.

Gaskiya ɗaya ita ce wannan ba JAMB ba ce. A can ba mai ce maka ka ci ko ka faɗi, kuma ana iya amsawa da maɓallan A, B, C, D, a matsa gaba da N, a koma baya da P. Don haka wanda ya kai aji shida na sakandare, bayan hannunsa ya faɗa a gida, a yi ƙoƙari a yi masa rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske. Kafin nan, idan an ci wata guda ana wasan, ki ɗauko agogo ki fara ba kowace tambaya daƙiƙa 40.

Duk wadda ta haɗa nata, ta aiko mana da tambayoyi biyar da suka fi ba yaranta wuya, za mu buga su a wannan shafi. Sai wata mai zuwa, a gaida maigida da yara.