Kada Mu Rushe Shaidunmu da Hannunmu

Ni ɗan ƙasar Kura ne, kuma da kuɗin shinkafar da ruwan Tiga ke shayarwa aka sa ni makaranta. Duk sa'ad da na shigo Kano na bi ta tashar jirgin ƙasa da tsofaffin kantunan Turawa da ke kewaye da ita, nakan tuna da kakana, wanda ya sha ba mu labarin yadda suke sammako da jakuna ɗauke da buhunan gyaɗa zuwa wurin awo. A yau waɗannan gine-gine sun tsattsage, kwanonsu ya yi tsatsa, wasu kuma an baje su an jera shaguna.

Ya kamata mu san abin da muke asara. Turawa sun ci Kano a 1903, dogo kuma ya iso a 1911. Burinsu shi ne su kwashi audugarmu zuwa masaƙun Manchesta, amma talakawa suka ga gyaɗa ta fi riba, suka raja'a a kanta. Daga nan aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, daga baya kuma masana'antun Bompai. Watau dai tashar nan da ɗakunan ajiyar nan su ne mafarin Kano ta masana'antu.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu da kufan 'yan mulkin mallaka? Amsata ita ce, wa ya ɗauki tubalin, wa ya biya harajin, gyaɗar wa aka tara a ciki? Dubi Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna har ya buɗe makarantar boko a 1909. Baƙo ne ya kwana ciki, amma ginin ƙasa ne na maginan Hausa, da azara da bakan gizo. Wanda ya rushe irin wannan, gumin iyayenmu ya shafe, ya kuma ɓatar da shaidar da za mu kafa a kan zaluncin da aka yi musu.

Mutanen Manchesta ɗin ma ba su baje masaƙunsu na zamanin Sarauniya Biktoriya duka ba. Da yawa sun zama gidajen kwana da ofisoshi, tasharsu ta 1830 kuwa tana cikin gidan tarihin kimiyya da masana'antu. Mu kuwa a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. In ƙofar ganuwa ba ta tsira ba, ina ga kantin gyaɗa? A Kura ma, garin turkuɗi wanda Buzaye suka san sunansa har Agadas, karofi nawa matasa za su iya nuna wa baƙo?

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da mu yi amfani da hutun nan, mu ɗauki hoton kowane tsohon gini, mu rubuta tarihinsa daga bakin dattawa tun suna raye, mu miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata da fayil ɗin filaye ke bi ta teburinku, ku tambayi abin da ke tsaye a filin kafin ku sa hannu. A mai da gine-ginen ɗakunan karatu da wuraren koyon sana'a, domin ginin da ake shiga kullum ba ya faɗuwa da wuri.

Allah Ya sa mu gane tun da sauran abin gyarawa.