Mai gyaran waya ko mai canjin kaya? Kaduna na buƙatar masu iya liƙa dalma

Duk wanda ya zaga rumfunan masu gyaran waya a kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kawo zai tarar da matasa da yawa sun iya canza sikirin da batir. Amma da zarar matsalar ta shiga allon cikin waya, sai ka ji an ce "injin ya mutu, sai dai a sayi wani". Sau da yawa kuwa abin da ya ƙone bai kai ƙwayar gero ba.

Kayan wayar zamani ba su da ƙafafun da ake cusawa cikin rami kamar na tsohuwar rediyo. A saman allon ake ɗora su a liƙe da dalma, wasu tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba. Cire irin wannan na buƙatar na'urar hura iska mai zafi, da madubin ƙara girma, da hannun da ba ya rawa. Yana kuma buƙatar ilimi: dalmar gargajiya tana narkewa a maki 183 na ma'aunin Salshiyas, wadda kamfanoni ke amfani da ita yanzu kuwa sai kusan 217. Wanda bai san wannan ba zai yi ta ƙara wuta har ya ƙona abin da ke lafiya. Garin gyaran gira, sai a rasa ido.

Asarar a kan talaka take faɗawa. Ɗan acaɓa ko mai POS da aka ce wa wayarsa ta mutu, jarinsa aka taɓa.

Abin takaicin shi ne maganin yana bakin ƙofa. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da ofis a Kaduna, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada. An riga an fara ba masu sana'a a Panteka horo da takardar shaida. Me zai hana masu gyaran waya su samu irin wannan? Gajeren kwas da yamma, a harshen Hausa, ya isa a fara. A haɗa da darasin lafiya, domin hayaƙin liƙi yana jawo asma, kuma wanda ya taɓa dalma ya kamata ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Ƙungiyoyin masu gyara su ma su tashi su nema, kada su jira a kawo musu har rumfa.