Kafin Mu Ce Wa Dattijo Ya Yi Gigin Tsufa

 Akwai hukuncin da muke saurin yankewa a gidajenmu ba tare da bincike ba. Da zarar dattijo ya fara manta inda ya ajiye carbinsa, ko ya rikice a lissafin raka'o'i, ko ya daina fita majalisa, sai mu ce gigin tsufa ya zo. Daga nan a daina shawara da shi, a karɓe makullin rumbu da takardun gona. Ra'ayina shi ne wannan gaggawa zalunci ce, domin a cikin waɗannan dattawa akwai waɗanda abin da ke damunsu ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne mai magani.

Damuwa mai tsanani tana taɓa tunani kai tsaye. Kafin mutum ya tuna abu, sai ya fara mayar da hankali a kansa. Wanda baƙin ciki ya cika wa zuciya yana jin magana amma ba ta zauna ba, don haka idan aka tambaye shi daga baya sai a ga kamar ya manta. Tunaninsa yana yin nauyi, yanke shawara ko a kan ƙaramin abu yana gagararsa, barci ya ƙaurace masa, rashin barcin kuma ya ƙara dagula ƙwaƙwalwa. Tun a 1961 likitan ƙwaƙwalwa Leslie Kiloh ya ja hankalin likitoci ga wannan yanayi mai kama da cutar mantuwa, wanda kan yi sauƙi idan an magance damuwar.

Akwai alamomin da kan taimaka wajen rarrabewa. Mai ciwon damuwa yakan koka da kansa cewa kansa ba ya riƙe komai, kuma idan aka tambaye shi sai ya ce bai sani ba, ba tare da ya gwada ba. Iyali kan iya faɗin lokacin da abin ya fara: bayan rasuwar uwargida, ko karyewar jari, ko tafiyar 'ya'ya. Mai cutar mantuwa ta ainihi kuwa, abin yakan shigo masa sannu a hankali cikin shekaru, sau da yawa bai ma lura ba, yakan ba da amsa da gaba gaɗi alhali ba daidai ba ce. Waɗannan alamomi ishara ce kawai, hukunci na likita ne, domin cututtukan biyu suna iya haɗuwa ga mutum guda. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa ciwon damuwa a 2020 cikin abubuwa 12 da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa waɗanda ake iya magancewa.

Kada a ɗauka ciwon Turawa ne. Binciken da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka yi kan tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa, wanda aka buga a 2007, ya gano kusan 7 cikin 100 sun yi fama da damuwa mai tsanani a cikin shekarar da ta gabaci binciken, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun taɓa yinta a rayuwarsu. Mu ma a masarautar Daura, daga Baure da Zango zuwa Sandamu da Mai'adua, sababban suna nan. Samari sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas. An rufe iyakar Kongolam a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kuma dattawan da suka yi rayuwarsu a fataucin kasuwar Mai'adua sun ga hanyar abincinsu ta tsaya. Wanda ya saba ciyar da gida, yau shi ne mai jiran a aiko masa.

Wasu za su ce mumini ba ya damuwa, wanda ya shiga wannan hali imaninsa ne ya yi rauni. Wannan magana ba ta da tushe. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yakubu (AS), dattijo kuma Annabi, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ga taɓa ganinsa, kuma Allah bai zarge shi ba. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke afko wa mutum babu dalili, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar magani. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Abin da ba ya halatta shi ne a ce aljanu ne, a yi ta turare wata da watanni ana jinkirta zuwa asibiti.

Batun yana da fuskar shari'a. Hana mutum tasarrufi da dukiyarsa hukunci ne mai nauyi da ke buƙatar tabbaci, ba ya tabbata da zaton 'ya'ya. Wanda ya sayar da gonar mahaifinsa bisa hujjar ya ruɗe, alhali damuwa ce da za ta iya wucewa, ya ci dukiyar da ba tasa ba. Dattijon da kokwanto ya addabe shi a salla kuwa, a sanar da shi sauƙin da malaman Malikiyya suka bayyana: wanda shakka ta zame masa jiki ya kau da kai daga gare ta, ya yi ba'adi, sallarsa ta yi.

Abin da ya kamaci iyali a fili yake. Idan canjin ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti, a auna hawan jini da sukari da ƙarfin jinsa, a nuna wa likita duk magungunan da yake sha, domin wasunsu na kawo ruɗewa. Idan ana buƙatar ƙwararre, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kada a yanke shi da wuri. Idan ya daina cin abinci ko yana yawan cewa gara ya mutu, a tafi a ranar. A kuma mayar masa da matsayinsa: a raka shi masallaci, a nemi shawararsa, a bar jikoki su zauna wurinsa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙinsa. Musulunci ya riga ta wajabta mana kyautata wa iyaye, musamman idan tsufa ya riske su a hannunmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.